Farar Ƙasar Goggo Gonaria

Tiriales, 19 ga Afrilu, 1948

Zuwa ga ɗana Bachisio,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci kamar mutum, ba tsattsagar tsuntsu ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu. Ƙanwarka Nannedda cikinta ya shiga wata na huɗu, amai ya tsaya, yanzu ba abin da ke tsira a gabanta, har ɓawon cuku. Mijinta yana kan tudu da tumaki, don haka ta dawo wurina da kwana.

Bayan haka, jiya mai shela ya busa ƙaho a bakin rijiya, ya ce watan gobe irinku za su zo su fesa wa gidaje magani, ɗaki bayan ɗaki, har ƙarƙashin gado. Na ce to, abin da ya rage mana ke nan. Yaƙi ya ƙare, an rasa abokin gaba, an koma kan sauro.

Kai dai ka san ra'ayina. Ranar da ka sayar da tumakin ubanka ka ɗauki famfon feshi a baya, na gaya maka ban taɓa jin namiji ya yi suna da farautar abin da tafi ɗaya ke kashewa ba. Zazzaɓi daga iskar fadama yake zuwa. Ita ta ɗauke mini 'ya'yana Antioco da Badore cikin Agusta guda, ita kuma ta kumbura maka ciki kana ɗan shekara shida har na yi ta yawo da kai a kafaɗa. Sauro kuwa yana cizon kowa, har limamin coci, ga shi nan da ƙibarsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yau da safe a bakin tanda matan lungunmu suka kewaye ni. Pasqualina, maƙwabciyata, ta ce, "Inna Gonaria, za ki buɗe musu? An ce a wani gari kyanwowi sun ƙare, cuku ya koma warin kananzir." Wata ta ce ita ba ƙaton da zai leƙa mata ƙarƙashin gado. Duk suka zuba mini ido. Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa a garin nan, ka san in na sa sakata, gida goma sha huɗu za su sa.

Na ce musu sai na ji daga bakinka. Ba don na yarda da aikinka ba, sai don ban taɓa kama ka da ƙarya ba, ban da ta ɓauren gidan limami. Ka gaya mini gaskiya. Ina da cuku sittin a kan azara, da amya huɗu jikin bangon baya, da mai ciki a ɗaka.

Goggonka da ta raine ka,
Gonaria

*

Sansani kusa da Oristano, 2 ga Mayu, 1948

Zuwa ga Goggona,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Nannedda da abin da take ɗauke da shi. Ki ce mata ta rage mini ɓawon cuku. Ni lafiyata ƙalau, rana ce kawai ta mai da ni kamar gindin tukunya. Gwiwar nan ki riƙa ɗora ta a kan kujera, ko da yake na san da bango nake magana.

Goggo, ki buɗe musu. Ba zan yi gardamar iskar fadama da ke a takarda ba, domin ko baki da baki ban taɓa cin ki ba. Amma likitanmu ya taɓa sa ni na duba ɗigon jinina a madubinsa mai ƙara girman abu, na ga abin da ke zaune a ciki tun ina yaro, ya kuma nuna mini irinsa a cikin sauro. Idan sauro ya sha jini yakan yi nauyi, kamar mai shelarku bayan cin biki, ba ya iya nisa, sai ya lallaɓa ya maƙale a bango ya huta. Maganin a bangon yake zama, wata da watanni, yana jiransa. Ya taka, ya mutu, bai kai cutar ɗaki na gaba ba. Aikin ke nan gaba ɗaya.

Zancen kyanwa da cuku ba ƙarya ba ne, amma gidajen da aka yi sakaci ne. Magani ne mai kisa, ba ruwan albarka ba. Mu kanmu da ƙyalle a hanci muke aiki, ba mai taɓa burodi sai ya wanke hannu da fuska, famfunan ma nesa da kwamin dabbobi muke wanke su. Don haka ki saurara.

Tun da sassafe ki sauke cukun nan duka, ki fitar da gari da burodi da tulunan ruwa da na mai zuwa tsakar gida, ki lulluɓe. Ki kashe wutar murhu, domin da kananzir ake dama maganin. Gado da akwatin kaya a jawo su tsakiyar ɗaki a rufe. Amyoyin ki sa a kai su gonar zaitun tun jajibere, su yi kamar mako biyu can. Nannedda ta tafi gidan surukarta ta wuni, kada ta dawo sai bango ya bushe, ƙofa da taga a buɗe. Kyanwa da kaji a kulle su. Duk ƙwaron da ya faɗo a share a binne, kada su ci. In kuma wata ta roƙi 'yan feshi gwangwanin da ya ƙare don ta zuba madara, ki fizge shi ko da za ku ɓata.

Wanda zai zo muku sunansa Efisio Cadeddu, mutumin kudu ne mai gashin baki. Mun yi aiki tare bara. Ba shi da sauri, amma bai taɓa ɓata wa kowa abinci ba. Ki yi masa sassauci.

Saura abu ɗaya, shi ne babba, ga takarda ta ƙare. Bayan sun gama sun tafi, kada

(shafi na biyu)

ki shafa wa bangon farar ƙasa. Na san bikin waliyyinmu na tafe cikin Yuni, na kuma san ku da son ɗaki ya yi fes. Ki gaya wa matan lungu su ma haka. Duk wahalar da za a sha a kan wannan ta rataya.

An ce za a ɗauke mu daga nan, ban san ina ba tukuna. Ki ci gaba da aikowa nan, za ta same ni.

Ɗanki,
Bachisio

*

Tiriales, 24 ga Mayu, 1948

Zuwa ga ɗana Bachisio,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Nannedda ta fara jin motsi, ta ce shuri yake kamar jaki, na ce to namiji ne, kuma danginmu ya biyo.

An yi feshi, kuma ka iya ɗaga kai a gaban abokan aikinka, domin lungunmu ya fi kowane lungu a Tiriales. Na tara matan na karanta musu wasiƙarka, na raba aiki. Kafin mutanen naku su sauko daga mota, kowane gida kayansa na tsakar gida kamar ranar gudun hijira. Cukuna sittin na jere a kan tabarma, ni da sanda ina gadin su. Efisio naka ya tsaya ya duba, ya cire hula, ya ce, "Uwata, wata bakwai ina wannan aiki, yau ne na fara samun gari ya riga ni shiri."

Na ce, "Ɗana ne ya rubuto. Shi ma irin aikinku yake, sai dai shi yana da kai."

Na bi shi ɗaki ɗaki. Ya yi kusurwa, ya yi bayan ƙofa, ya yi ƙarƙashin matakala inda ni kaina ban leƙa ba tun rasuwar kawunka. Da suka gama suka rubuta haruffansu da kwanan wata a bakin ƙofa da baƙin fenti. Zancen gwangwani kuwa kamar kana nan. Na tsinci Pasqualina ta ɓoye ɗaya cikin zane, wai ta wanke shi sau uku. Na ce, "Ko sau talatin ne, Bonaria ba za ta sha madara a ciki ba." Ka tuna Bonaria, 'yarta mai shekara huɗu, wadda ta cije ka a coci. Na mayar wa Efisio gwangwaninsa, ya huda gindinsa da ƙusa a gabanmu.

Ba kyanwar da ta mutu, ba kazar da ta yi tari. Ƙudaje kuwa sai da muka share su da tsintsiya. Na ci abincin rana ba tare da na kaɗa hannu ko sau ɗaya ba, har abin ya zame mini baƙo.

Wuri ɗaya kawai muka sami saɓani da mutuminka. Zai hau mota ya juyo ya ce, "To, kada a taɓa bangon nan, ko da farar ƙasa." Na ce ɗana ya rubuto akasin haka. Ya ce ba zai yiwu ba. Na ce ga takarda a aljihuna, ko yana nufin ban iya karatu ba? Ya ce shi dai ya faɗa. Na ce wa matan su rabu da shi, mutumin kudu ne, rabin maganarsa a gashin bakinsa take maƙalewa.

Ni na gane hikimarka tun kafin ka bayyana. Farar ƙasar ita ce ke rufe maganin kada ya tsere, kamar yadda ake rufe bakin tulun nama da kitse. Washegari muka kwaɓa ta a babban kwami, gida goma sha huɗu, shafi biyu biyu, don na ce tun da kai ka ce shi ne babba, ba za mu yi rabin aiki ba. Da ka ga lungun nan. Ido ba ya iya kallonsa da tsakar rana.

Na aiko maka cuku ɗaya ta hannun direban motar wasiƙu. Ka sansana ka gaya mini ko akwai kananzir.

Goggonka,
Gonaria

*

Tiriales, 14 ga Yuni, 1948

Bachisio,

Ina gaishe ka, in kana da rai. Mako uku ba amsa. Ko cukun ne ya shaƙe ka, ko kuwa ka sami wata a Oristano ta ɗauke maka hannun rubutu? In haka ne ka faɗa, in san irin zanen da zan saya.

Mu lafiya. An yi biki jiya, limami ya yabi lungunmu daga kan mumbari. Nannedda ta so ta shiga rawa, na zaunar da ita.

Amma akwai abin da ban gane ba. Ƙudaje sun dawo, sauro ma haka. Da safe na ga uku a bangon ɗakin Nannedda, cikinsu jajir, suna zaune kamar gidan ubansu. A lungun maƙera kuwa, inda ƙazaman ba su shafa komai ba, an ce ba ko ɗaya. Na ce wa mai faɗin ƙarya take, amma da na bi ta can da kaina ban ga ko ɗaya ba.

Sannan Bonaria ta kwanta tun ranar Alhamis. Sanyi, karkarwa, zufa, ta tashi kwana ɗaya, ta sake komawa. Ba sai an gaya mini sunansa ba. Ina ba ta kwinin cikin zuma.

Ka rubuto. Ko maganin naku ne ya kwana biyu a ganga?

Gonaria

*

Muravera, 20 ga Yuni, 1948

Goggo,

Ina lafiya, ina fata ku ma haka. An dawo da mu nan gabas tun tsakiyar Mayu, wasiƙunki biyu sun yi ta bin sawuna, sai yau suka iso tare, da cukun da ya riga ya san rabin tsibirin nan. Na karanta ta farko ina dariya har na zo kan kwamin farar ƙasa, sai na zauna a ƙasa.

Goggo, "kada" na rubuta. Kada ki shafa. Ita ce kalmar ƙarshe a gindin shafin farko, na tuna sarai domin na matse ta a kusurwa. Ki ɗauko wasiƙar ki duba. Farar ƙasa ba ta riƙe magani, binne shi take. Sauro a kan farar ƙasa yake taka yanzu, maganin na ƙasa bai san an zo ba. Gaskiyar Efisio ce.

Ba zan iya zuwa ba, mutum ashirin ke ƙarƙashina kuma yanzu ne tsakiyar aiki. Na rubuta wa Efisio, amma kin ga yadda wasiƙa ke tafiya. Ƙafarki ta fi ta sauri. Ayarinsa bai wuce garuruwan kwarinku ba, ki tambayi direba inda suke, ki je ki same shi. Sai an sake fesa gidajen nan duka, kuma kowace mata sai ta sake fitar da kayanta. Ke kaɗai za ki iya sa su.

Kafin nan ki fitar da labulen gadon aurenki daga akwati ki kewaye wa Nannedda gado, ki tura bakinsa ƙarƙashin katifa. Zazzaɓi ga mai ciki kin fi ni sanin abin da yake yi. Bonaria kuma a kai ta wurin likita ranar da yake zuwa, kada a tsaya kan zuma.

Laifin har da nawa. Wanda ya san abu babba ne, ba ya ajiye shi a bakin takarda.

Ɗanki,
Bachisio

*

Tiriales, 30 ga Yuni, 1948

Zuwa ga ɗana Bachisio,

Na gaishe ka. Nannedda lafiya, tana kwana cikin labule kamar matar gwamna, tana ƙorafin zafi. Bonaria likita ya gan ta, ya sauya mata magani, jiya ta ci burodi da romo.

Na duba wasiƙar. Shafin farko a "sun tafi" ya tsaya. Na ce ka ga, yaron nan ne ya manta, zai ɗora wa tsohuwa. Sai na zazzage ambulan, wani ɗan siririn yanki ya faɗo mini a cinya, da kalmarka a jiki. Da almakashi na buɗe ta, na haɗa da gindin takardar. Almakashin da na yanke cibiyar rabin garin nan da shi ban taɓa kuskure ba. Na daɗe zaune da ɗan yankin a tafin hannu. Nannedda ta ce, "Mamma, ki jefa shi a murhu mana, ki ce maganin ne ba shi da kyau. Wa zai sani?" Ba zan ɓoye maka ba, na duba murhun.

Amma na ɗaura ɗankwali na fita. Gida goma sha uku na shiga, kowanne na nuna takarda, na jona yankin a wurinsa, na ce ni ce. Wasu sun yi dariya har da riƙe ciki. Matar mai gyaran takalma ta ce, "Inna Gonaria ta ce ta yi kuskure? Bari in kira mijina ya ji, ba zai yarda ba." Wata ta ce ita bayanta bai warke daga ɗaukar gadon farko ba, na ce ni zan ɗauka mata.

Gidan Pasqualina na bari a ƙarshe. Ta saurare ni daga bakin ƙofa, ba ta ce in shigo ba. Ta ce, "Mutumin ya gaya miki a gabana. Kika ce gashin baki." Na ce haka ne. Ta ce, "Kin ƙwace mini gwangwani don kada 'yata ta cutu." Na ce haka ne. Ta rufe ƙofa a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na hau jakin surukin Nannedda, awa uku, har garin da Efisio yake. Na same shi yana wanke famfo a wani rami bayan gari. Ya ɗago ya gan ni, ya ci gaba da wankinsa. Na sauka, ka san gwiwata, na miƙa masa takarda da yankinta. Ya goge hannu ya karanta, ya shafa gashin bakin nan, ya ce, "Uwata, ki matso kusa, kada maganata ta maƙale." Ashe labari ya kai masa.

Na ce, "Ka faɗi duk abin da ke ranka, na cancanta. Amma akwai mai ciki da yara goma sha tara a lungun."

Ya ce maganin a ƙidaye yake, gida ɗaya feshi ɗaya, sai ya nemi izini daga sama. Na ce in tafi saman da kaina? Ya ce a'a, ya tausaya musu. Ya ce zai nema, in an ba shi sai ranar Lahadi, ranar hutun yaransa, kuma da sharaɗi: ni zan shiga gaba in faɗa wa kowace mata da bakina cewa ba mai taɓa bango sai baɗi.

Sun zo ranar Lahadin nan bayan coci. Muka sake fitar da komai, aka sake kai amyoyi gona, ƙudan zuman ma sun gaji da ni. Na yi gaba ina shela kamar mai ƙaho. Pasqualina ta buɗe musu, amma ba ta dube ni ba. Da suka gama na gasa musu ɗan rago, na tsaya a kansu sai da kowa ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Efisio ya ci kashi uku.

Bachisio, gaya mini tsakaninka da Allah. Ni na kwantar da yarinyar nan?

Goggonka,
Gonaria

*

Muravera, 11 ga Yuli, 1948

Goggona,

Gaisuwa da girmamawa. Lafiyata lau, kuma wasiƙarki kwana biyar kawai ta yi a hanya, ina jin masu wasiƙu ma sun ji labarinki sun shiga taitayinsu.

Kin ce tsakanina da Allah, to ga shi. Ban sani ba. Na tambayi likitanmu, ya ce irin zazzaɓin nan yakan kwanta a jiki ya tashi bayan watanni ba tare da sabon cizo ba, kuma in ban manta ba Bonaria ta yi shi bara. Yana yiwuwa na bara ne ya dawo. Yana kuma yiwuwa sabo ne, daga sauron da ya huta a kan farar ƙasarki. Ba wanda zai iya rabe miki su. Ba zan ce miki ba ruwanki ba, domin za ki gane ina lallashi. Amma na san gari nawa na shiga inda aka kulle mana ƙofa, yara na karkarwa a ciki. Lungunku an buɗe sau biyu, kuma ke kika buɗe shi.

Ki ƙyale Pasqualina ta huce da kanta. Kada ki kai mata cuku, kada ki aika limami. Na rubuta "kada" ɗin nan a tsakiyar takarda, ki lura.

Na karanta wa yarana labarin jaki da gashin baki. Yanzu duk gidan da muka gama, sai ɗaya ya ce wa matar gidan, "Ban da farar ƙasa, in ji Goggo Gonaria." Sunanki ya riga ki zuwa gabas.

An ce za a sallame mu hutu bayan kaka. Ki gaida Nannedda.

Ɗanki,
Bachisio

*

Tiriales, 6 ga Oktoba, 1948

Zuwa ga ɗana Bachisio,

Gaisuwa mai tarin yawa, da albishir. Nannedda ta sauka ranar ashirin da bakwai ga Satumba, da hantsi, namiji, kamar yadda na faɗa. Uwa lafiya, ɗa lafiya, murya kamar ta kakansa. Uban ya sauko daga tudu da gudu har ya yar da hularsa a hanya. Za a sa masa suna Gavino. Na so a sa naka, suka ce Bachisio ɗaya ya ishi dangi.

Ka yi haƙuri da shiruna. Bana haihuwa tara na karɓa tsakanin Yuli da yau, ban zauna ba.

Pasqualina wata uku ba ta yi mini magana ba. A bakin tanda sai ta ba wa wata saƙo ta gaya mini burodina na ƙonewa. Na bi shawararka, ko da yake ta yi mini ɗaci. Ranar da Nannedda ke naƙuda ruwan zafi ya ƙare mini, na juya zan ƙwala kira, sai ga ta tsaye da tukunya. Na karɓa. Muka yi aikin tare har yaron ya faɗo. Tana wanke hannu ta ce, "Almakashin nan dai ki bar shi ga cibiya." Na ce na ji. Bonaria tana nan garau, shekaranjiya ta ciji ɗan maƙeri.

Bangonmu ya yi dauɗa, hayaƙi ya zana masa taswira, limami ya daina yabonmu. Ba wadda ta taɓa shi. Ƙudaje sun dawo abinsu, ka gaya wa likitanka, su kam sun raina maganinku. Amma tun feshi na biyu ba wanda ya kwanta da zazzaɓi a lungun nan, babba ko yaro. Ƙaramar ƙararrawar coci, wadda ake kaɗawa in yaro ya rasu, ban ji ta ba duk Agusta. Na tambayi mai kaɗa ta ko igiyar ce ta tsinke. Ina rufe taga da yamma har yanzu saboda iskar fadama, kada ka ɗauka ka ci gardama.

Ka zo kafin a fara tsinkar zaitun, akwai aiki, kuma ina so ka ga yaron. Jiya Nannedda ta ɗauko yadin da surukarta ta ba ta, tana auna masa riga daidai jikinsa. Ka san al'adata, ko ba ka sani ba, domin ba zancen maza ba ne. Duk shekarun nan ban taɓa barin mai jego ta ɗinka rigar da ta wuce ta watannin farko ba. Ba na gaya musu dalili, cewa nake yadi na da tsada. Na ga akwatuna da yawa da rigunan da masu su ba su rayu sun sa ba, har da nawa.

Na karɓe yadin daga hannunta na sake ninka shi. Na ce ta yanka da girma, wadda zai sa baɗi in ya fara tafiya.

Goggonka,
Gonaria